Kun Tambaya, Mun Amsa: Wasiƙunku a Kan Ahmed Musa

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan watan saƙonninku sun taru a kan mutum ɗaya, ɗan ƙwallon Najeriya Ahmed Musa, sai ka ce kun yi shawara. Na zauna da su a teburina nan Bukuru, sanyin asuba yana ratsa ƙashi, na ware na masu zagi gefe guda, na ware na masu neman lambar wayarsa, don ba ni da ita, ku huta. Ga abin da ya rage. Wasu na gajarta su, amma ban taɓa ma'anar kowa ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai shayi ne a Bauchi Road, nan Jos. Wani direba Bakano da ke karyawa a teburina ya rantse Ahmed Musa ɗan Kano ne, ni kuma na ce namu ne. Mun ƙulla: in shi ke da gaskiya zai sha shayi da burodi mako guda kyauta, in ni ne zai kai mini buhun sukari gida ba kuɗin mota. Ka raba mu.

Amsa: Ɗan'uwa, ku fara kwance wannan ƙulli tukuna, kada liman ya ji ya ce caca kuke. Amma da za a bi ƙa'idarku, direba ne zai ɗauki buhu. A Jos aka haifi Ahmed Musa, ranar 14 ga Oktoba, 1992, a Bukuru kuma ya tashi. Makarantar koyon ƙwallo ta GBS ce ta raine shi, ita ta ba da aronsa ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a 2008. Daga can ya wuce Kano Pillars.

Sai dai kada ka yi wa direban dariya da yawa, shi ma yana da madafa. Jos ta haifa, Kano ce ta kai kasuwa. A kakar 2009/2010 ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a gasar ƙasa, yana yaro ɗan shekara 17, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Tarihin nasa bai daɗe ba, Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kakar da ta biyo, amma sunan ya riga ya fita. A Kano ya gina cibiyar wasanni da gidan mai, can kuma ya koma da ƙafarsa bayan ya gama yawon ƙasashe. To in Bakano ya ce nasu ne, ba ƙarya zalla ya yi ba.

Abin da ke ba ni dariya a nan Bukuru shi ne, duk majalisar da ka zauna, kowane mai furfura shi ya saya masa takalmin ƙwallo na farko. Da za a tara takalman nan, da an buɗe shago a Taminus. Ni dai ban saya masa ko safa ba. Ban ma san da shi ba sai da sunansa ya fara zuwa mana daga Kano ta rediyo, kuma na ji kunyar hakan, don kullum ina wuce yaran unguwa suna tayar da jar ƙura a filayen nan, ban taɓa tsayawa na tambayi sunan ko ɗaya ba.

Ka kuma gaya wa direbanka cewa ba yau Jos ta fara ba. Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauki kofin gasar ƙasa na farko a 1972. Mikel Obi, Obinna Nsofor, Ogenyi Onazi da Moses Simon duk a nan aka yanke musu cibiya. Ni a nawa ganin tudun nan yana da hannu a ciki. Garin da ke sama da teku da kusan mita 1,200, yaro zai buga ƙwallo da tsakar rana bai narke ba, in ya sauka gangare kuma numfashinsa ya fi na abokan wasa tsawo.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Gwagwalada. Gaskiya ina ganin ku 'yan Arewa kuna zuzuta shi ne kawai. Mutumin da Leicester ta saya da tsada ya kasa komai, ya ƙare a benci. In gwani ne me ya hana shi ci a Firimiya?

Amsa: Ɗana, ba zan yi maka kwana-kwana ba: a Leicester bai yi nasara ba. An saye shi a Yulin 2016 kan fam miliyan 16 da 'yan kai, kuɗin da ƙungiyar ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba har lokacin, ya ci ƙwallo 2 kacal a Firimiya, ɗaya a ragar Crystal Palace, ɗaya a ta Tottenham, dukansu a watan Oktoba. Wannan ba ciniki ne mai riba ba. Na yarda da kai har nan.

Inda muka rabu shi ne, ka ɗauki shekara ɗaya da rabi ka auna rayuwar mutum da ita. Ban ga laifinka sosai ba, laifin gidan kallo ne. Mu nan abin da mai gidan kallo ya kunna shi ne duniya: Firimiya ranar Asabar da Lahadi, La Liga da dare, Kofin Zakarun Turai Talata da Laraba. Wa ya taɓa rubuta wasan gasar Rasha da alli a allon ƙofar gidan kallo? To shekarun da Musa ya fi kowane lokaci zafi a can ya yi su, inda ba mu gani.

Ya isa CSKA Mosko a Janairun 2012 daga VVV-Venlo ta Holan, tsakiyar hunturun da namu na Jos wasan yara ne a gabansa. Ya yi shekara huɗu da rabi ƙarƙashin koci Leonid Slutsky, tare da irin su Seydou Doumbia, Alan Dzagoev da gola Igor Akinfeev. Sun ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, 2013, 2014 da 2016, ga Kofin Rasha na 2013. A kakarsa ta ƙarshe ya ci 13 a gasar. Ɗan benci ba ya tara wannan. Leicester ba sadaka ta yi ba da ta zuba waɗancan kuɗi.

To me ya faru a Ingila? Sai ka fara sanin irin ɗan wasan da yake. Musa ɗan fili ne. Makaminsa gudu, da iya kwararowa daga hagu ya shigo ciki ya buga da dama. Ba shi da jikin da zai ba raga baya ya tokare ƙaton ɗan baya, kuma ba shi ne mai yanka mutum uku a cikin matsi ba. Ka ba shi ciyawa mita 30 babu kowa a gabansa, ka jefa ƙwallo bayan 'yan baya, sai ka ga aiki. In aka rufe fili, rabinsa ya tafi.

A takarda Leicester ta dace da shi, don da irin wannan wasa ta ɗauki Firimiya a 2016: ta ja baya, ta ƙwace, ta sake wa Jamie Vardy ƙwallo ya bi. Har ma a wasan sada zumunta da Barcelona a watan Agusta, a Stockholm, Musa ya ci biyu, ɗayar ya ɗauko ta tun daga rabin filinsu. Ranar mun ce shi ke nan, an samu. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne. Da aka fara gasa, kowa ya riga ya gane dabarar Leicester, ƙungiyoyi suka daina buɗe mata baya. N'Golo Kanté, mai ƙwato ƙwallon da ake gudu da ita, ya koma Chelsea. Wurin da Musa zai fi amfani kuma na Vardy ne, ba mai taɓa shi. Kafin wata biyu su cika aka sayo Islam Slimani da kuɗin da ya fi nasa. Aka riƙa jefa shi gefe, inda ake son mutum ya koma baya ya yi tsaro kamar yadda Marc Albrighton ke yi, aikin da ba nasa ba.

Duk da haka akwai ranar da ya nuna abin da aka saya. A Janairun 2017, zagaye na uku na Kofin FA a gidan Everton, ya shigo canji, Lukaku na Everton ya ci su, shi kuma ya rama biyu cikin minti kaɗan, Leicester ta fito da 2-1. A watan Fabrairu aka kori Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi. Craig Shakespeare da ya gaje shi ya koma kan tsofaffin 'yan wasan da suka ci kofi, Claude Puel da ya biyo baya bai waiwaye shi ba.

Shi ma yana da nasa kason, kada ka ce na wanke shi tas. Taɓawarsa ta farko takan yi nisa, kuma in ya isa bakin raga da gudu wani lokaci yakan rasa zaɓi tsakanin bugawa da bayarwa. A Rasha za a sake ba ka wata dama, a Ingila mai jiran kujerarka yana ɗumama jiki a bakin layi.

Ga abin da nake so ka riƙe. A Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro, bayan ya yi wata da watanni yana ɗumama benci. Ya buga wasa 10 a gasar, ya ci 6. Ƙafar nan ce dai, ba a sauya masa ita a jirgi ba. Daga nan ya wuce Kofin Duniya, ka san abin da ya yi. Al-Nassr ta Saudiyya ta saye shi a Agustan 2018, a kakarsa ta farko suka ɗauki kofin gasar, shekaru huɗu kafin Ronaldo ya je kowa ya fara sanin hanyar Riyad.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Kubwa. Maigidana da ɗana sun hana ni sakat da musu: wane wasan Musa ne ya fi a Kofin Duniya, na Ajantina a 2014 ko na Iceland a 2018? Ni ban damu da ƙwallo ba, amma ina son a ci abinci lafiya a gidana.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Na san maigida ne ke bayan 2014, don manya suna son a ce a gaban Messi aka yi.

Yana da hujja. Ranar 25 ga Yuni, 2014, a Porto Alegre, Messi ya ci a minti na 3. Ba mu gama salati ba Musa ya rama a minti na 4: ya karɓa ta hagu, ya shigo, ya lanƙwasa ta da dama ta wuce Sergio Romero. Messi ya ƙara da bugun tazara dab da hutun rabin lokaci, aka dawo Musa ya sake ramawa a minti na 47 bayan sun yi ba-ni-in-ba-ka da Emmanuel Emenike. Marcos Rojo ya ci ta uku, aka tashi 3-2. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya na Kofin Duniya. Sai dai an ci mu a wasan, kuma ko ba ƙwallayen nan mun wuce zagaye na biyu, tunda Bosniya ta doke Iran.

Ni ina bayan ɗanki. Bari in gaya miki dalili.

Ranar Juma'a ce, 22 ga Yuni, 2018, mako guda bayan ƙaramar Sallah. Kuroshiya ta riga ta ci mu 2-0 a wasan farko, wanda Musa ya fara daga benci. In Iceland ta ci mu, sai haɗa kaya. Kocinmu Gernot Rohr ya sauya tsari, ya sa shi gaba tare da Kelechi Iheanacho. Ƙarfe 4 na yamma aka take a Volgograd. Na kalla a wani gidan kallo na langa-langa a nan Bukuru, benci ya cika har mutane na zaune a kan jarkokin mai, janareta yana ta faman tari a baya. Rabin lokacin farko kaf ba mu buga ko ɗaya zuwa raga ba. Wani dattijo kusa da ni, mai gyaran rediyo, ya naɗe hularsa ya cusa a aljihu, ya ce shi in an tafi hutu ba zai dawo ba. Da muka fita sallar La'asar sai ga shi a sahu, da aka idar kuma ya riga ni komawa benci.

Minti na 49, Victor Moses ya kwaso ta dama da gudu ya aiko ta. Ƙwallon ta zo da tsayi mara daɗi, irin wadda ɗan wasa ke bari ta wuce ya ɗaga wa abokinsa hannu. Musa ya miƙa ƙafar dama ya sauke ta, ta yi tsalle ɗaya, ya narka ta sama cikin raga. Bencinmu ya kife. Na tsinci kaina rungume da wani saurayi mai sarƙar gicciye a wuya, ban san shi ba, bai san ni ba, shayin wani yana bin ƙafar wandona.

Ta biyun ita ce Musa gaba ɗayansa. Ya riga ya daki ƙarfen sama minti ɗaya kafin nan. A minti na 75 Kenneth Omeruo ya ɗaga doguwa ta hagu, ga fili, ga ɗan baya ɗaya. Musa ya wuce shi kamar an dasa, ya shigo, gola Hannes Halldórsson ya fito, ya kwantar da shi ya kewaye. A nan ne na riƙe numfashi, don na san halinsa na gaggawa. Sai ya tsaya. Mutum biyu sun koma kan layi suna tare raga, ya ɗaga kai ya dube su, ya zaɓi gefe, ya saka. Mai gyaran rediyo ya zaro hular nan ya jefa sama, ta maƙale a ƙusar rufi, har muka watse tana can. Daga baya Gylfi Sigurdsson ya samu fanareti ya ɗaga ta sama, aka tashi 2-0.

Ƙwallo huɗu ke nan a Kofin Duniya biyu, ba ɗan Najeriyar da ya kai haka.

Akwai abin da ya sa ranar ba ta fita raina. Washegari aka yi asarar rayuka masu yawa a ƙauyukan Barikin Ladi, gwamnati ta sa dokar hana fita daga 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomi uku, har da tamu ta Jos ta Kudu. Wasanmu da Ajantina ranar Talata ƙarfe 7 na dare ne. Gidan kallon yana kulle. A ɗaki na ji shi, rediyo a kan gwiwa, Rojo ɗin nan dai ya sake cin mu ana saura minti kaɗan. Saurayin mai sarƙa ban ƙara ganinsa ba.

Ki ce wa maigida na 2014 sun fi ado, na 2018 su suka ci wasa. In ya ƙi, ki zuba wa ɗanki nama biyu.

Tambaya: Yaro, ni na ga zamanin Rashidi Yekini da idona. Jikokina suna cewa Musa ya fi shi. Ka gaya musu gaskiya. Daga wani dattijo a Unguwar Rogo.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. A wajen cin ƙwallo ba a haɗa su. Marigayi Yekini, haifaffen Kaduna, ya ci wa Najeriya 37. Shi ya fi kowa ci a Kofin Afirka na 1992 da na 1994, shi ne gwarzon Afirka na 1993, shi ya ci mana ƙwallon farko a Kofin Duniya, a ragar Bulgeriya, ya kama raga yana kuka. Lamba tara ne cikakke, wato ɗan gaba na tsakiya. Musa rabin rayuwarsa a gefe ya yi ta.

Inda jikokinka ke da gaskiya wuri biyu ne: Kofin Duniya, inda yake da huɗu Yekini na da ɗaya, da kuma daɗewa. Ya fara sa rigar Super Eagles a Satumban 2010, ya wuce Joseph Yobo da Vincent Enyeama masu wasa 101 kowanne, ya zama wanda ya fi kowa buga wa ƙasar nan wasa. Kofin Afirka kuwa kowannensu ya ɗaga sau ɗaya, Yekini a 1994, Musa a 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, inda ya ci ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe da muka lallasa Mali 4-1. Ka bar su da nasu, Baba, ba su ga naka ba ne.

Tambaya: Malam, ɗana yana da shekara 16, kowa a Rikkos ya san ƙafarsa. Wani mutum ya zo ya ce zai kai shi gwaji Turai, in kawo kuɗin biza da na jirgi. Ya ce haka aka yi wa Ahmed Musa. Ina da fili ɗaya, shi nake tunanin sayarwa.

Amsa: Alhaji, don girman Allah kada ka sayar da filin nan. Ba haka aka yi wa Ahmed Musa ba, mutumin ƙarya yake maka.

Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan dalilai, kamar a ce iyayensa ne suka yi ƙaura don wani aiki da bai shafi ƙwallo ba. Musa kansa dokar ta tare shi. VVV-Venlo ta gama magana da shi a tsakiyar 2010, amma dole ta jira Oktoba ya cika 18. Ka duba abin mamaki: ya buga wa Super Eagles wasa da Madagaska a Kalaba yana ɗan 17, tun doka ba ta ba shi izinin taka fili a Turai ba. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Najeriya aka sa ya jira, ɗanka ne za a buɗe wa ƙofar baya?

Ka kuma dubi tsanin da ya taka. Makarantar unguwa, sai JUTH, sai Pillars, sai ƙungiyoyin ƙasa, har ya ci uku a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 20 a Kolombiya a 2011. Turan ma da ya je, ba Madrid ya sauka ba. Venlo ƙaramin gari ne a bakin iyakar Jamus, ƙungiyar kuma fafutukar kada ta faɗa rukuni na biyu take yi. A kowane mataki ƙungiya ce ta gan shi yana wasa ta neme shi. Ƙungiyar da ke son yaro ita ke aiko takardar gayyata, ita ke biyan jirgi. Dillalin gaske yana da lasisi, kuma daga cinikin ɗan wasa yake cin ladarsa, ba daga aljihun uba ba.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Ɗan yayata haka aka yi masa. Mutumin ya zo da kwat da jaka, da hotunansa tare da Turawa a waya, ya ci tuwo a gidanmu sau biyu. Yayata ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan awakinta, ni ma na cika, don haka ba ni da bakin yi wa kowa gori. Aka kwashi yara shida zuwa Legas, aka ajiye su a wani masauki a ce biza na fitowa gobe. Kwana 19 suna jiran gobe. Ranar da mai masauki ya zo karɓar kuɗinsa ne suka gane wayar mutumin a kashe take. A bayan motar tumatir da ta sauke kaya yaron ya dawo Farin Gada, da takalmin ƙwallonsa a leda. Yau yana gyaran babur, Alhamdu lillahi yana ci da kansa, amma ko wasan unguwa ba ya zuwa kallo.

Ka nemi mutumin ya ba ka lambar lasisinsa da takardar ƙungiyar da ta gayyata, ka kai hukumar ƙwallo ta jiha ko ofishin hukumar ƙwallo ta ƙasa, NFF, a Abuja su duba. Ina kyautata zaton daga ranar ba za ka ƙara ganinsa ba. Yaron kuma ya gama sakandare, ya shiga ƙungiyar da ke buga gasa ta gaske. Moses Simon daga GBS ɗin nan ya fita, ba a rufe hanyar ba.

Tambaya: Malam, dawowarsa Kano Pillars kishin gida ne ko kasuwa ce ta ƙare masa a waje? Daga wani ɗan kasuwa a Zuba.

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Dawowar farko, a Afrilun 2021, ya yi wata shida ba ƙungiya bayan rabuwa da Al-Nassr, yana neman inda zai motsa jini don kada rigar ƙasa ta kuɓuce masa. Da dama ta samu ya tafi Turkiyya, Fatih Karagümrük sannan Sivasspor, inda wasan bai yi masa yadda ake so ba. Mai dogaro da gudu shekaru ba sa yi masa sassauci. A Kofin Afirka da aka yi a Kwadebuwa a farkon 2024 yana cikin tawaga a matsayin kyaftin, amma koci José Peseiro bai sa shi ba har muka sha kashi 2-1 a wasan ƙarshe. Ban ji ya tayar da jijiyar wuya ba, kuma na ƙara ganin girmansa a nan.

Dawowa ta biyu, a Oktoban 2024, ita ce ta zama. Wasansa na farko ya ci Sunshine Stars biyu. 'Yan wasanmu nawa ne masu irin sunansa suka yarda su hau doguwar mota zuwa wasan waje a gasar gida? Yawancinsu gara su rataye takalmi a Turai. Wannan na yaba.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne na Yulin 2025, da gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar alhali bai ajiye takalmi ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Koci zai zauna ya rubuta sunayen 'yan wasa, a cikinsu akwai maigidansa na ofis. In ya ajiye shi a benci yana duban aikinsa, in ya sa shi yaran da ke jiran dama suna duban koci. Ɗan wasan da albashinsa ya makara kuma, wa zai kai wa kuka, abokin ɗakin sauya kaya ko manaja? Musa mutum ne mai kunya da kyauta, amma tsari ba ya tsayuwa a kan halin mutum ɗaya.

Ranar da Pillars, Sai Masu Gida, za su zo Jos karawa da Plateau United, in Allah ya kai mu, ina bakin ƙofar filin Titin Zariya tun azahar. So nake in ga wanda zai fara saukowa daga mota, mai babbar riga ko mai gajeren wando.